Yadda Ake Yi wa Mota Inshora a Najeriya: Abin da Doka Ta Wajabta da Abin da Zai Ishe Ka

A Najeriya doka ba ta yarda a hau titin gwamnati da mota, babur ko adaidaita sahu ba sai da inshorar ɓangare na uku, wadda direbobi suka fi sani da tad-fati. Ba sabuwar doka ba ce. Tun 1945 aka kafa ta, dokar inshora ta 2003 ta sake jaddada ta tare da hukuncin tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun, sabuwar dokar gyaran harkar inshora da aka sa wa hannu a watan Agustan 2025 kuma ta bar wajabcin a inda yake. Daga ranar 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara neman takardar gadan-gadan a shingayen bincike, shi ya sa mutane da yawa suka ruga suka yi ta.

Matsalar ita ce yawancin masu mota sun ɗauki takardar a matsayin abin nuna wa ɗan sanda kawai. Ba su san abin da take biya ba, ba su san inda ta tsaya ba, wasu ma ta jabu ce a hannunsu ba su sani ba. Ranar da tsautsayi ya faɗa ake gane bambanci. Abin da doka ta nema shi ne mafi ƙaranci, kuma an tsara shi ne don kare wanda ka yi wa ɓarna. Abin da zai kare ka kai da motarka lissafi ne daban, kai za ka zauna ka yi shi.

Mataki na farko: san abin da ƙaramar inshorar take biya

Kai ne ɓangare na farko, kamfanin inshora na biyu, duk wanda motarka ta taɓa kuma shi ne na uku: mai tafiya a ƙasa, mai babur, mai wata motar, mai shagon bakin titi, mai katangar da ka rusa. Inshorar tana biyan abu biyu. Na ɗaya, rauni ko rasa rai da ka jawo wa wani, kuma a wannan fannin ba a yanka wani adadi da za a ce daga nan kamfani ya tsaya ba, ana bin abin da aka daidaita a kai ko abin da kotu ta yanke. Na biyu, ɓarnar dukiya, ita kuwa tana da iyaka.

Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da farashi da iyakar biya da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Motar hawa ta gida tana biyan naira 15,000 a shekara, kamfani kuma ya ɗauki ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Kafin nan kuɗin naira 5,000 ne, iyakar kuma miliyan 1. Motar da ɗan kasuwa yake ɗaukar kayansa da ita naira 20,000 ce da iyakar miliyan 5. Bas ɗin ma'aikata naira 20,000 da iyakar miliyan 3. Manyan motocin dakon kayan mutane naira 100,000 da iyakar miliyan 5. Adaidaita sahu naira 5,000 da iyakar miliyan 2, babur kuma naira 3,000 da iyakar miliyan 1.

Ga abin da ba ta biya, kuma nan ne ake yawan rigima da kamfanoni ba gaira ba dalili. Ba ta gyara motarka, ko da bamba ce kawai ta tsage. Ba ta biyanka idan an sace motar ko ta kama da wuta. Ba ta biyan kuɗin asibitinka kai direba. Kayan da ke cikin but ɗinka ma ba ruwanta da su. Idan wani ne ya buge ka, inshorarsa ce za ta biya ka, ba taka ba, shi ya sa karɓar bayanan inshorar wanda ya buge ka yake da muhimmanci kamar karɓar lambar wayarsa.

Mataki na biyu: saya a inda ya dace, sannan ka tabbatar ta gaske ce

Takardun jabu sun fi fitowa ne daga hannun 'yan ka-yi-na-yi da ke zagaye ofisoshin sabunta takardun mota. Ka ba mutum kuɗi dunƙule ya sabunta maka fatikula gaba ɗaya, ya dawo maka da lasisin mota da takardar lafiyar mota da wata takarda mai tambarin kamfanin da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Wani lokaci sunan kamfanin na gaske ne amma kuɗin bai taɓa shiga asusunsa ba. Duk wanda ya ce zai yi maka inshorar motar gida a ƙasa da naira 15,000, to, ka san akwai lauje cikin naɗi, domin farashin hukuma ce ta yanka shi, kamfani mai lasisi ba ya karya shi.

Hanyoyin da suka dace uku ne: ofishin kamfanin inshora mai lasisin NAICOM ko shafinsa na intanet, dillalin inshora mai rajista, ko wakilin da kamfanin ya tabbatar maka nasa ne. Ko ta wace hanya ka bi, ka tura kuɗin zuwa asusun kamfani, ba asusun mutum ba, ka kuma karɓi rasit. Ƙa'idar da ake bi a Najeriya ita ce inshora ba ta fara aiki sai kamfani ya karɓi kuɗinsa. Alkawarin “zan cika maka ƙarshen wata” ba ya kare kowa idan haɗari ya faru a tsakiyar wata.

Za a nemi sunanka kamar yadda yake a takardun motar, lambar mota, lambar shasi, lambar inji, samfurin motar da shekararta da launinta. Kada ka kwafi lambar shasi daga tsohuwar takarda. Ka duba ta da idonka a jikin motar, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka gwama da abin da aka buga. Harafi ɗaya da aka yi kuskurensa, ko sifili da aka rubuta a madadin wani harafi, yana iya riƙe maka biyan diyya na makonni.

Bayan an ba ka takardar, ka bincika ta a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID. Ka danna *565*11# a wayarka ka bi umarnin da zai fito, ko ka shiga askniid.org ka sa lambar motar. Ya kamata ka ga sunan kamfanin da bayanin motar da ranar ƙarewar inshorar. Idan bayan kwana ɗaya ko biyu babu abin da ya fito, ka koma wa wanda ya sayar maka tun kuɗin bai huce ba. Da wannan rumbun jami'an kan hanya suke dubawa, saboda haka takardar da ba ta ciki ba za ta fisshe ka a shinge ba, balle ranar biyan diyya.

Mataki na uku: faɗi gaskiyar aikin da motar take yi

Wannan shi ne inda masu inshora ta gaske ma suke faɗuwa. Mutum ya yi wa motarsa inshorar hawa ta gida, amma da yamma yana kabu-kabu da ita, ko yana ɗaukar fasinja ta manhajar Bolt, ko yana jigilar 'yan makaranta a biya shi duk wata. A takardar akwai sashen da ya iyakance amfanin da aka yarda a yi da motar, kuma a ta gida an cire haya da ɗaukar fasinja don kuɗi. Idan haɗari ya faru kana ɗauke da fasinjan haya, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Haka a-kori-kurar da aka yi wa inshorar ɗaukar kayan mai ita, alhali dakon buhunan mutane take yi daga Dawanau zuwa ƙauyuka. Bambancin kuɗin da kake gudu bai kai kashi ɗaya cikin goma na asarar da za ka ɗauka ba.

Sashe na biyu da za ka karanta shi ne na waɗanda aka yarda su tuƙa. Galibi ana rubuta mai motar da duk wanda ya ba izini, da sharaɗin yana da lasisin tuƙi mai aiki wanda ya dace da ajin motar. Ɗanka da ya iya mota amma bai yi lasisi ba, ko yaron gida da ake aika kasuwa da makulli, ko direban da lasisinsa ya mutu wata uku da suka wuce, duk suna iya rushe maka da'awa, wato neman diyyar da za ka yi wa kamfani. Mai ɗaukar direba ya riƙa ajiye hoton lasisinsa, ya kuma rubuta ranar ƙarewarsa a wurin da zai gani.

Idan motar haya ce, ka tambayi kamfani a rubuce ko fasinjoji suna cikin kariyar, mutum nawa, kuma nawa ne iyakar kowane. Bas mai kujera goma sha takwas da aka cusa wa mutum ashirin da biyu ta saɓa sharaɗin yarjejeniyar tun kafin ta bar tasha.

Mataki na huɗu: lissafa gibin da ya rage

Yanzu ka zauna da biro da takarda. Tambayoyi biyu ne, kuma kowace tana da amsarta daban.

Ta farko: idan na yi wa wani ɓarna, miliyan 3 za ta isa? Tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, kuɗin mota da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. A ce ka daki bayan wata sabuwar jip a danja, gyaran ya kama naira miliyan 4 da rabi tsakanin ƙofar baya da fitilu da bamba da na'urorin da ke cikinta. Kamfani zai biya miliyan 3, sauran miliyan 1 da rabi daga aljihunka za su fito. Idan motoci uku ne suka gwaru a jere ta dalilinka, iyakar ba ta ninkuwa, duka ukun a cikin miliyan 3 ɗin za a raba. Wanda yake yawan tuƙi a Abuja ko Legas ko tsakiyar Kano, inda motoci masu tsada suke gab da juna, ya kamata ya nemi a ɗaga masa iyakar ɓarnar dukiya. Kamfanoni suna yin haka da ƙarin kuɗi kaɗan idan aka gwama da kuɗin cikakkiyar inshora, wadda take gyara har motarka, amma ba sa tallata shi sosai, sai ka tambaya. A ganinmu wannan ne ƙarin da ya fi kowane cancanta, domin asarar motarka tana da iyaka, ita ce kuɗin motar, amma abin da za ka iya lalata wa mutane ba ka san iyakarsa ba.

Ta biyu: idan motata ta tafi gaba ɗaya yau, zan iya sayen wata ba tare da na sayar da fili ko na ci bashi ba? Idan amsar e ce, ko kuma motar ta tsufa har kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ƙaramar inshora da aka ɗaga iyakarta ta ishe ka. Idan amsar a'a ce, musamman idan da motar kake ciyar da gida ko kuma bashin banki ne a kanta, to ka duba nau'o'in inshora biyu masu zuwa, waɗanda suka fi ƙaramar kariya.

Akwai na tsakiya: ɓangare na uku haɗe da gobara da sata. Tana biyan duk abin da ƙaramar take biya, sannan ta biya ka idan motar ta ƙone ko aka sace ta, amma ba ta gyara maka ita idan ka yi karo. Ta dace da mutumin da zai iya ɗaukar kuɗin mai gyaran bodi da fenti amma ba zai iya ɗaukar ɓatan motar ɗungurungum ba.

Sai cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa duka waɗannan da gyaran motarka bayan haɗari, ko laifinka ne ko ba naka ba. Ƙa'idar NAICOM ta 2023 ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka yi wa motar inshora a kai, bayan an cire duk wani rangwame. Motar naira miliyan 8 ke nan za ta biya aƙalla naira 400,000 a shekara. Kuɗi ne mai nauyi, babu ɓoye-ɓoye. Hanyar auna shi ita ce ka raba shi wata goma sha biyu, ka ga ya kama wajen naira 33,000 a wata, ka tambayi kanka ko za ka iya tara miliyan 8 cikin gaggawa idan ka ƙi biyan wannan. Idan bankin da ya ba ka bashin motar ne ya nema, ba ka da zaɓi, kuma za a rubuta sunan bankin a takardar a matsayin mai haƙƙi na farko a kan diyya.

Mataki na biyar: sa darajar motar daidai

Dabarar da mutane suke yi don rage kuɗin cikakkiyar inshora ita ce rage darajar motar a takarda. Tana cutar da mai ita ta hanyar da bai zata ba. A ce motar ta kai naira miliyan 10 a kasuwa, ka rubuta miliyan 6. Ka yi haɗari, gyara ya kama miliyan 2. Kamfani zai ce kashi 60 cikin 100 na motar ka yi wa inshora, saura kashi 40 kai ka ɗauki nauyinsu, saboda haka zai biya miliyan 1 da dubu 200, ka cika dubu 800. Idan sace ta aka yi, miliyan 6 ce iyakar abin da za ka gani. Ƙara daraja fiye da kima ma asara ce, domin kamfani ba ya biyan fiye da kuɗin motar a kasuwa a ranar da abin ya faru, ka biya kuɗin banza ke nan.

Hanyar samun daraja ta gaskiya: ka tambayi dillalan mota biyu ko uku nawa ake sayar da irin taka, shekararta ɗaya, a yanayin da take ciki. Kada ka ɗauki farashin 'yar Kwatano da ba a taɓa hawa a nan ba idan taka ta yi shekara biyar tana cin titi. Kuma ka sake wannan tambayar duk shekara lokacin sabuntawa. A da mota tana tsufa kuɗinta yana raguwa, amma a shekarun nan an ga motocin da kuɗinsu a naira ya haura abin da aka saye su, saboda haka darajar bara tana iya barin ka cikin gibi bana ba tare da ka yi niyya ba.

Kafin kamfani ya karɓi motar zai duba ta ya ɗauki hotuna ta kowane gefe. Ka tsaya a wurin. Duk lotsewa ko tsagewar gilashi da ke jikinta a rubuta, kai ma ka ajiye kofin hotunan.

Mataki na shida: karanta ƙananan sharuɗɗa kafin ka biya

Takardar shafi ɗaya da kake nuna wa ɗan sanda shaida ce kawai. Ainihin yarjejeniyar littafi ne mai shafuka da yawa, kuma haƙƙinka ne a ba ka. Abu na farko da za ka nema a ciki shi ne kason da kai za ka fara ɗauka a kowace ɓarna. Ana rubuta shi ko dai a matsayin adadi tsayayye, ko kashi kaza cikin ɗari na kuɗin gyara, ko wanda ya fi yawa a cikinsu. A ce kason naira 50,000 ne, madubin gefe ya karye, gyaransa naira 40,000, to ba abin da kamfani zai ba ka. Ana iya biyan ƙarin kuɗi a cire wannan sharaɗin.

Na biyu, ambaliya da tarzoma. Kalmar “cikakkiya” tana yaudarar mutane a nan, domin a yarjejeniyoyi da yawa waɗannan biyun ƙari ne da ake saya daban. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, bayan fashewar madatsar ruwan Alau, ta nutsar da motoci a cikin gidaje da gareji ba tare da sun motsa daga inda aka ajiye su ba. Wanda gidansa yake kwari ko kusa da rafi ya tabbatar an rubuta ambaliya ɓaro-ɓaro a takardarsa. Ko da an rubuta, kada ka tayar da injin motar da ruwa ya shiga. Ruwan da ya shiga cikin silinda ba ya matsuwa, yana lanƙwasa sandunan fistin, kamfani kuma yana iya cewa kai ka ƙara ɓarnar da hannunka. A kira janwe ya ja ta.

Na uku, na'urar bin sawun mota. Kamfanoni da yawa suna sharɗanta ta a kan motoci masu tsada. Idan an sharɗanta, ba ka saka ba, ko ka bar kuɗin layinta ya ƙare, da'awar sata tana cikin haɗari. Na huɗu, ragin tsufa: idan aka sa wa tsohuwar mota sabon kaya, musamman taya da batir, kamfani yana iya cire wani kaso ya ce kai ka cika. Sannan ka duba nawa aka ware wa kuɗin janwe, da ko an haɗa ɗan kuɗin magani na direba da waɗanda ke cikin motar.

Lalacewar inji da giyabos ta dalilin tsufa ko rashin juyen mai ba ta cikin kowace irin inshorar mota. Wannan tsakaninka da bakanike ne.

Ga mai gudun inshora saboda addini

Mutane da yawa a Arewa suna ƙyamar inshorar kasuwanci saboda abin da malamai suka faɗa a kan riba da rashin tabbas a cikin ciniki. Akwai takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna da lasisin yin sa. A tsarinsa kuɗin da ka bayar gudummawa ce a asusun taimakon juna, kamfani wakili ne mai kula da asusun, ana juya kuɗin a harkokin da shari'a ta yarda da su, idan an samu rara a ƙarshen shekara kuma ana iya raba wa mahalartan da suka cancanta. Takardar takaful ta mota tana cika sharaɗin doka, tana kuma fitowa a rumbun NIID kamar kowace. Duk abin da aka faɗa a sama game da daraja da lasisi da amfanin mota ya hau kanta.

Ƙetare iyaka

Farashin 2023 ya haɗa da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda yake kare ɓangare na uku a ƙasashen da ke cikin tsarin, kamar Benin da Togo da Gana. Ka nemi a ba ka shaidarsa kafin tafiya. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, suna da nasu katin na ƙasashen Afirka ta Tsakiya, saboda haka mai shiga can sai ya yi inshorar da ake karɓa a wurinsu. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, don haka mai bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Illela zuwa Ƙonni ya sa kamfaninsa ya tabbatar masa a rubuce cewa kariyar ta kai can. Cikakkiyar inshora kuwa galibi a cikin Najeriya ta tsaya, sai an nemi a faɗaɗa ta.

Mataki na bakwai: ranar da haɗari ya faru

Rai ne farko. A kai wanda ya ji rauni asibiti, a sanar da 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra, a ajiye duk rasit na magani. Kafin a matsar da motocin, idan babu haɗari a tsayuwar, ka ɗauki hotuna: daga nesa yadda titin da matsayin motocin za su fito, daga kusa a kan kowace ɓarna, lambar ɗaya motar, sawun birki a kan kwalta, da takardar inshorar ɗaya direban. Ka karɓi lambar wayar shaidu biyu.

Abin da ya fi wahala a wurinmu shi ne na gaba. Jama'a za su taru, dattijo zai shiga tsakani, a ce tsautsayi ne, a yi sulhu, kai kuma cikin ruɗewa ka ce ka ɗauki laifi za ka gyara. Jajantawa da taimakon wanda ya ji ciwo wajibi ne, ba wanda ya hana. Amma yarjejeniyar inshora ta hana ka amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da sanin kamfani ba, domin shi zai fitar da kuɗin. Abin da za ka ce shi ne kana da inshora, ga sunan kamfanin, za ka sanar da su yau. Idan an rasa rai kuma magana ta kai ga diyya tsakanin iyalai, a shigar da kamfanin cikin zaman tun farko, kada a yanke adadi sannan a kai masa takarda.

Ka sanar da kamfani a ranar ko washegari, ta waya sannan a rubuce, kada ka jira wa'adin da ke cikin yarjejeniyar ya matso. Za a ba ka fom ka cike. Za ka haɗa da bayanin yadda abin ya faru da hannun direban, kofin lasisinsa, takardun motar, hotuna, ƙiyasin gyara daga gareji, rahoton 'yan sanda idan akwai rauni ko mutuwa ko sata, da takardar neman diyya daga wanda aka yi wa ɓarna. Idan sata ce za a nemi makullan motar duka da ainihin takardunta har da na kwastan, saboda haka kada ka riƙa barin na ainihi a cikin mota, kofi ya isa yawo.

Kada bakanike ya kwance ko da kusa ɗaya kafin injiniyan kamfani ya zo ya gani ya amince da ƙiyasin. Motar da aka riga aka gyara ba ta da shaidar ɓarna. Idan kuɗin gyara ya yi kusa da kuɗin motar, kamfani zai ɗauke ta a matsayin wadda ta tashi aiki, ya biya darajarta bayan cire kasonka, gawar motar kuma ta zama tasa, sai dai in kun daidaita ka riƙe ta a rage maka kuɗinta.

Daga ƙarshe za a kawo maka takardar sallama mai ɗauke da adadin da kamfani ya yarda zai biya. Sa hannunka a kanta yana nufin ka karɓa ka rufe magana. Idan adadin bai yi maka ba, ka nemi a ba ka lissafin dalla-dalla, ka kawo rasit ko farashin kaya daga 'yan sifiya biyu, ka rubuta ƙorafi ga sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfanin. In an ƙi sauraronka ko ana ta jan ƙafa, NAICOM tana da ofishin karɓar koke a kan kamfanonin inshora, kuma za ta nemi lambar yarjejeniyarka da kofin duk wasiƙun da kuka yi musaya.

Sabuntawa da sayar da mota

Inshorar shekara ɗaya ce, tana mutuwa a ranar da aka rubuta, babu kwanakin alfarma. Ka sa tunatarwa a waya mako biyu kafin ranar, ka sake tambayar darajar motar, ka tambayi ko farashin hukuma ya canza, idan kuma shekarar ta wuce ba ka nemi diyya a cikakkiyar inshora ba ka tambayi rangwamen da ake yi wa irinka. Idan ka canza inji ko launi ko lambar mota, ko ka mayar da ita haya a tsakiyar shekara, ka sanar a gyara takardar nan take.

Inshora ba ta bin mota zuwa hannun sabon mai ita. Wanda ya sayi mota ya tarar da takardar tsohon mai ita da sauran wata shida a kanta, sai ya yi tasa da sunansa kafin ya fita da ita daga wurin dillali. Wanda ya sayar kuma ya rubuta wa kamfaninsa a soke tasa ko a mayar da ita kan sabuwar motarsa, ya tambayi ragowar kuɗin watannin da bai ci ba idan cikakkiya ce.